Ranar da Lawali Ya Bi Motar Majigi

A kakar shekarar da na shiga aji uku, wata ranar Alhamis bayan la'asar, ina durƙushe a ƙofar gidanmu ina ɓarar gyaɗa, sai ga wata mota mai launin ƙasa ta shigo Sabon Birni da lasifika biyu ɗaure a kanta. Wani mutum daga ciki yana ta shela cewa bayan sallar magariba kowa ya hallara a filin makaranta, za a nuna majigi. Kafin motar ta kai kwanar kasuwa yara sun rufe ta gaba da baya, masu talla sun bi da faifansu a ka, har awakin unguwa sai da suka watse. Yayana Lawali yana saman rumbu a lokacin, yana karɓar damman gero daga hannun Baba. Shi bai ji shelar ba. Abin da ya gani kawai shi ne gari ya ɗauki gudu ya nufi wuri ɗaya, don haka ya tsaya da dami a hannu yana waige-waige yana nemana. Da idonsa ya faɗa kaina sai ya ɗaga haɓa, ya juya tafin hannu sama, wato me ake ciki. Na zana masa bango a iska, na sa yatsuna suna gudu a kai. Bai gane ba, ni ma kuwa ban taɓa ganin majigin ba balle in kwatanta da kyau.

Lawali kurma ne. Sanƙarau ya kama shi tun bai iya magana ba, ciwon ya bar shi da rai amma ya tafi da jinsa. A gari Bebe ake ce masa, a gida ne kawai ake kiran sunansa, wanda shi bai taɓa ji ba. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma da yake a bayansa na yi wayo, shi ke goyona in Inna tana surfe, na tashi da maganar hannu kamar yadda na tashi da Hausa. Mu biyu muka ƙera ta. Baba shi ne shafa gemu. Inna ita ce juya hannu kamar mai dama fura. Ni kuma sai ya taɓa haƙoransa na gaba, saboda wushiryata. Sauran mutanen gida abin da suka iya bai wuce zo, tafi, ci, bari ba. In magana ta fi haka tsawo sai a ce, “A kira Dije.” An sha tashe ni daga wasan gaɗa, an sha fito da ni daga aji, don in faɗa wa Lawali wace gona za a je gobe, ko in faɗa wa Baba inda ke yi wa Lawali ciwo.

Ba ya iya zama wuri ɗaya. In an gama noma ya shiga gyaran darni, in darni ya ƙare ya kwance igiyar guga ya sake tufka ta, in babu abin yi ya zaga gari ya dawo ya sake zagawa. Kakarmu takan ce, “Yaron ga ƙafarshi ƙaiƙayi takai.” A shekarar nan abin ya ƙaru. Sa'o'insa sun fara sa turare suna tsayawa bakin dandali suna zolayar 'yan mata, wasu an fara yanka musu gayauna tasu ta kansu. Shi yakan je ya tsaya a cikinsu, in sun yi dariya ya yi, ba tare da ya san abin da aka ce ba. Daga baya ya daina zuwa. Yakan hau katangar masallacin unguwa ya zauna yana kaɗa ƙafa, yana kallon hanyar da ta fita gari.

Da aka idar da magariba na ja hannunsa muka tafi filin makaranta. An kafa sanduna biyu an ɗaure farin ƙyalle a tsakani, inji yana ta ruri a bayan mota, mata a gefe ɗaya da goyo, maza a gefe ɗaya, mu yara a gaba kan rairayi. Masu gyaɗa da masu rake sun jera fitilunsu. Abin da aka fara nunawa na kiwon lafiya ne, ƙuda da ya kai girman ɗan akuya yana sauka a kan tuwo, mai majigin yana bayani ta lasifika a kan rufe abinci da tsaftar rijiya. Lawali ya bar wurin zamanmu ya je ya dafa akwatin lasifikar da tafin hannunsa. Haka yake yi wa rediyon Baba da gangar makaɗa, yana son jin yadda abu ke rawa a hannunsa. Kowane lokaci mutumin ya yi magana sai ya waiwayo ya tambaye ni me ya ce, ni kuma ina ta fama da ƙuda da rijiya da yatsuna, rabin abin yana wuce ni.

Sai mai majigin ya canza faifai, ya ajiye abin maganarsa, ya koma gefe yana shan ruwa. Abin da ya fito a ƙyallen wani gari ne mai layi ɗaya, gidajen katako, ƙasa fayau babu itace. Hoton baƙi da fari ne, yana ta ƙyafƙyafta, mutanen ciki suna tafiya da sauri-sauri kamar zabbi. Manyan yara suka ce kaboyi ne. Akwai wani siririn mutum mai ƙatuwar malafa da ke faɗo masa a ido. Ya zo zai hau doki, ya yi tsalle ya wuce ta ɗaya gefen ya faɗa kwamin ruwan dabbobi. Ya fito yana ɗiga, ya gyara malafa, ya sake gwadawa, wannan karon ya hau amma fuskarsa na kallon wutsiya. Ya wurga igiya zai kama saniya, zargen ya kama ƙafar wani mai kanti, ƙato mai gashin baki, doki kuwa ya zabura ya ja su su biyun har cikin garken aladu. Akwai wata yarinya mai bokiti da ke leƙen siririn ta taga, in ya kalle ta sai ta rufe fuska da gefen riga. Jefi-jefi rubutun Turanci ya fito ya ɓace, ba wanda ya kula da shi. Daga farko har ƙarshe babu murya ko ɗaya, sai rurin inji da dariyar mutanen garinmu.

Dariyar Lawali ce ta fi ta kowa, kuma ita ke riga ta kowa. Tun siririn bai taka bokiti ba shi ya riga ya ga inda ƙafar za ta sauka. Muryarsa wata iri ce, mai kauri, ba ya sanin ƙarfinta, don haka a gida in ya yi dariya akan taɓa shi a ce ya rage. A filin nan babu wanda ya taɓa shi. Can sai na ga ya daina dariya. Hannunsa na kan akwatin lasifika, akwatin kuwa shiru, ba ya motsi. Ya dawo wurina ya durƙusa ya tambaye ni me mai kantin ya ce. Na ce bai ce komai ba. Ya tambaye ni yarinyar fa. Na ce ita ma. Ya nuna kunnena, ya nuna ƙyallen, na girgiza kai. Ya koma ya sake dafa akwatin da hannu biyu, ya daɗe a haka, idonsa a kan ƙyalle. Da aka tashi muna tafiya gida ya tsayar da ni a ƙarƙashin fitilar mai shayi don in ga hannunsa sosai. Ya ce mutanen can duk irinsa ne. Mai kanti irinsa ne, mai doki irinsa ne, har mai tauraro a ƙirji da ke kama mutane. Gari guda, kuma ba wanda ke kiran ƙanwarsa ta yi masa magana. Ya tambaye ni ina garin yake.

Kwanakin da suka biyo baya bai bar ni na huta ba. Ina daka ya zo, ina ɗebo ruwa ya tare ni a bakin rijiya, in na fito hutun tara ya riga ya tsaya a jikin dalbejiyar makaranta yana jirana. Ya zana siririn da malafarsa da gawayi a bangon ɗakinsa. A gona sai a ga ya saki lauje ya tsaya yana kallon gabas, Baba ya jefa masa ɗan hoge ya dawo da hankalinsa. Abinci ma a tsaye yake ci. Da ya matsa mini na tambayi malaminmu, ya ce ai wannan Amurka ce, bayan teku take. Ni ban taɓa ganin teku ba, kuma a maganarmu da Lawali babu ita. Na nuna masa nesa, na nuna masa ruwa mai yawa, na nuna ƙetarewa. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka yi wa kwatancen gidan da ya sani. Ruwa mai yawa da ake ƙetarewa guda ɗaya ya sani a duniya, gulbin da ke kan hanyar garin Isa.

Motar majigin ta yi kwanaki tana zaga ƙauyuka, an ce har Unguwar Lalle ta je. Wata rana da hantsi muna gonarmu ta bakin hanya muna roron wake, sai ga ta ta wuce ta nufi Gatawa. Lawali ya miƙe ya bi ta da ido har ta ɓace. Bai ce mini komai ba, wannan kuwa ba halinsa ba ne. Washegari da asuba Baba ya leƙa ɗakinsa zai tashe shi salla, ya tarar da tabarma a naɗe. Babu malafarsa, babu gorar ruwansa, babu takalmansa na taya. Aka duba gona, aka duba bakin kasuwa, aka leƙa rijiyoyi. Inna ta kasa tsaye ta kasa zaune, ta ɗora tukunya ta manta ba ta hura wuta ba. Abin da take ta maimaitawa shi ne manyan motocin da ke bin hanyar nan da kayan kaka, wai ko sun yi ta oda daga bayansa ba zai kauce ba. Ni ce na ce wa Baba ina jin majigi ya bi, na ba shi labarin garin kurame. Baba ya dube ni ya daɗe, kamar yau ya fara sanin cewa akwai zance mai tsawo haka a cikin ɗansa.

Ya fito da kekensa ya ɗaura tsumma a kariya. “Dije, ɗauko mayafinki,” in ji shi. Kaka ta fito daga ɗaki ta ce, “Ɗiya mace bisa keke har ina? Ka tahi da ƙanenka mana.” Baba ya ce, “In mun ishe shi, wa za shi hwaɗa mani abin da shika cewa? Ita ta iya.” Inna ta ƙulla mana fura a ƙwarya, ta riƙe hannuna ta ce in na gan shi in ce masa ba wanda zai buge shi.

Ban taɓa yin nisa da gida haka ba. Hanyar jar ƙasa ce mai kwazazzabai, gefe da gefe an sassare gero an jingina, dawa kuwa tana tsaye ta sunkuyar da kai. Muna wuce jakuna da kaya, da Fulani mata da ƙoren nono, da fatake masu raƙuma da suka fito daga wajen Nijar. Kowa muka gamu da shi sai Baba ya sa ƙafa a ƙasa ya tambaya ko an ga wani saurayi bebe mai malafa. In babbar mota ta taho sai mu sauka gefe, in ga Baba yana leƙen ƙasan ciyawar bakin hanya bayan ta wuce. Ƙafafuna suka yi tsami a kariya, amma na kasa cewa a tsaya. A Gatawa wata tsohuwa mai ƙosai ta ce ta gan shi da sassafe. An yi majigi a garin daren jiya, ya iso ana naɗe ƙyalle, ya kama musu ɗaukar sanduna ba wanda ya sa shi. Da za su tashi ya nuna yana son shiga motar, direban ya nuna masa babu wuri. “Sai yab bi sawun taya,” in ji ta. “Na ba shi ƙosai, ya ci shina tahiya.”

Rana ta take muka kai gulbi. Ruwa ya fara ja da baya amma har yanzu sai da jirgi. Mai fiton ya gane wanda muke nufi tun Baba bai gama ba. Ya ce motar ta zaga ta wani mashigi can sama, yaron kuwa ya tsaya a bakin ruwa yana ta nuna ƙetare yana buga ƙirji, sai ya ɗauke shi. Ya ce tun suna tsakiyar ruwa yaron ya miƙe tsaye a cikin jirgi yana leƙe, sai da ya ja shi ya zaunar, kuma da suka kai gaci ya fita da gudu ya hau tudu, ya tsaya yana dube-dube, ya daɗe a wurin kafin ya ci gaba. Aka ɗora kekenmu a jirgi. Baba yana ta jan carbi har muka ƙetare. Ni ma na hau tudun na duba. Gonakin dawa ne da bukkoki da wata kuka, irin na gefenmu sak.

Bayan la'asar muka shiga Isa. Ba mu sha wahalar nema ba, yara muka bi. A filin wata makaranta ana kafa sanduna, ga Lawali riƙe da igiyar ƙyalle yana ja. Takalminsa ɗaya ya tsinke ya ɗaure shi da kaba, ƙafar ta kumbura, leɓunansa sun bushe. Da ya gan mu bai saki igiyar ba. Na faɗa masa saƙon Inna da sauri, tun kafin Baba ya jingine keke. Baba ya ƙaraso ya tsaya a gabansa, ya dube shi daga sama har ƙasa, sannan ya kwance ƙwaryar fura ya miƙa masa. Sai da ya shanye tas sannan ya juyo gare ni. Ya ce ya ƙetare ruwan. Ya zaga garin nan kaf, ya shiga kasuwa, kowa da baki yake magana. Ina nasa garin? Ya ce in tambayi mai majigi, tun safe yake tambayarsa ba ya ganewa.

Mai majigin wani dattijo ne mai furfura a gefen kai, Malam Garba. Da na faɗa masa tambayar sai ya ajiye wayar da ke hannunsa ya zauna a kan akwati. Ya ce shi ya ɗauka yaron aiki yake nema. Ya ce, “'Yata, gaya masa mutanen nan suna magana kamar ni da ke. Injin da ya ɗauke su ne ba ya kama murya, don tun zamanin kakanninmu aka yi shi. Duk cikinsu babu wanda ke da rai yanzu.” Na tsaya ina neman yadda za ni faɗa. Na nuna mutanen, na nuna baki yana motsi. Na nuna injin, na toshe kunne: injin ne kurma. Lawali ya girgiza kai, ya ture hannuna. Malam Garba ya buɗe wani gwangwani mai faɗi, ya warware ɗan zaren faifan ya ɗaga shi saitin rana. Ga siririn nan da malafarsa, bai kai ƙwayar wake ba, an jera shi sau da yawa, kowanne ya ɗan fi na baya ɗaga ƙafa. Lawali ya karɓa da yatsu biyu yana bi da ido. Ya tambaye ni ko siririn ma ya mutu. Na ce e. Yarinyar mai bokiti fa? Na ce ita ma, ta tsufa ta mutu. Ya mayar wa Malam Garba faifan a hankali, ya ɗaga hannu biyu ya shafa a fuska kamar yadda yake ganin ana yi a wurin gaisuwar mutuwa.

Na ɗauka shi ke nan za mu juya. Sai ya matsa gaban Baba, abin da bai saba yi ba, ya yi maganar yana kallon idonsa, ba nawa ba. Baba ya ce, “Mi yac ce?” Kunya ta kama ni, don ba maganar da yarinya ke faɗa wa ubanta ba ce. Na sunkuyar da kai na ce, “Wai shi in babu garin, wa za ya ba shi mata? Wai shi haka za ya zauna, yana ɗaukar dami har ya tsufa, in ni an kai ni gidan miji wa za a riƙa kira?” Baba ya buɗe baki zai ba ni amsa in miƙa, sai ya fasa. Ya ɗaga hannuwansa, manya masu kanta, waɗanda ban taɓa ganin sun yi abin da ya wuce zo da tafi ba. Ya shafa gemunsa. Ya dafa ƙirjinsa. Ya nuna Lawali, ya haɗa yatsu biyu wuri ɗaya, ya zana ɗaki a iska, ɗakin ya karkace. Ya nuna sama. Maganar a hargitse take, ko yaro ya fi shi iyawa, amma Lawali bai waiwayo ya tambaye ni me Baba ya ce ba.

Malam Garba yana kallonmu. Ya ce in bebe ake nema ai akwai wani tela a bakin kasuwar garin nan, shi ya taɓa ɗinke masa ƙyallen majigi da ya yage, yana da mata da 'ya'ya. Ya sa wani yaro ya raka mu. Muka tarar da mutumin a rumfarsa yana taka keken ɗinki, baƙi, gajere, da tsinken allura a baki. Lawali ya tsaya a bakin rumfa ya nuna kunnensa ya juya hannu. Telan ya tsayar da keke, ya cire allurar, ya nuna nasa kunnen. Lawali bai taɓa ganin babban mutum irinsa ba. Da farko maganarsu ba ta haɗu ba, alamominmu na gida daban, nasa daban, suna yi suna gyara wa juna suna dariya. Kafin a kira magariba sun yi nisa. Telan ya aika aka kira wasu mutum biyu, wani mai gyaran fitila da wani manomi, su ma kurame, ashe a rumfar suke haɗuwa duk ranar kasuwa. Hannuwa suka riƙa tashi da sauri har na daina ganewa. Na ja rigar Lawali in tambaye shi me ake cewa, ya ɗaga mini hannu wai in dakata. Na koma gefen Baba na zauna a kan benci, mu biyu muna kallo ba mu san abin da ake wa dariya ba. Na rasa ko murna nake yi ko haushi nake ji.

A gidan telan muka kwana, da safe muka kamo hanya, Baba yana tura keke, Lawali a kan kariya saboda ƙafarsa, ni a kan sandar gaba. Da aka gama shigar da amfanin gona Baba da kansa ya mayar da shi Isa koyon ɗinki. Gida ya yi mini faɗi. Ba mai fito da ni daga aji, ba mai tare ni a rijiya, na yi ta gaɗa har na gaji da ita. In ya zo ganin gida yakan zo da sababbin alamomi ya koya mini, ni da na saba ni ce mai fassara. Baba ma ya riƙa zama yana kwaikwaya, yana kuskure, Lawali yana kama yatsunsa yana gyarawa. Bayan wasu shekaru ya dawo da keken ɗinki na kansa ya kafa rumfa a kasuwarmu, Baba kuma ya cika maganar da ya yi da hannu: ya nema masa 'yar ƙanwar telan, mai ji ce, amma ta tashi da maganar hannu a gidan kawunta. Zama wuri ɗaya dai bai koya ba. Duk ranar kasuwar Isa sai ya rufe rumfa ya tafi, da keke, daga baya da babur, ya kwana biyu ya dawo da labarai cike da hannu.

Yanzu furfura ta rufe masa kai, ni ma jikokina sun fara aure. Yana nan yana ɗinki a kusa da tasha, amma tun da 'yan bindiga suka addabi yankinmu ya juya kekensa yana fuskantar ƙofa, don ba ya jin harbi, a fuskokin masu wucewa yake gane ko lafiya. An ajiye masa jika ɗaya da aikinsa ke nan, in an ji wani abu ya ja rigarsa. Gonarmu ta bakin hanya ta koma saura, ba mai zuwa. Mutanen Gatawa da yawa sun gudo, suna cikin garinmu a gidajen dangi, wasu sun ƙetara Nijar. Abokansa na Isa sai dai ya gan su a wayar ɗansa, suna ɗaga wa juna hannu a ɗan gilashi, in layi ya yanke hannun ya tsaya cak a tsakiyar magana. Da yamma yakan tashi ya zaga rumfar, ya je bakin kwalta ya tsaya, ya dawo ya zauna, ya sake tashi. Bayan magariba kuwa kowa na cikin gidansa, babu wanda zai yarda ɗansa ya je fili ya zauna cikin taro. Nakan tuna cewa a ƙasar nan yaro kurma ya taɓa fita shi kaɗai da gorar ruwa, baƙi suka ciyar da shi, suka ƙetarar da shi gulbi, suka nuna wa ubansa inda ya bi. Mun yi yawo a ƙasarmu ba mu san arziki muke ci ba.